Dutsen Ɗawisu da Naman Doki: Sunayen Duwatsun Jan Ƙarfe

Duk wanda ya ce "ba ni da ko kwabo" ya ambaci sunan wani tsibiri bai sani ba. Kwabo daga bakin Turawan Ingila muka ɗauko shi, daga sunan da suke kiran jan ƙarfe, tunda da shi suke buga ƙananan kuɗinsu. Su ma aro suka yi. Rumawa ne suka riƙa ce masa ƙarfen Ƙubrus, saboda daga wannan tsibiri na tekun Bahar Rum ake kawo musu shi da yawa, har sunan ya gajarce ya koma "cuprum". Daga nan Jamusawa suka samo "Kupfer", Faransawa "cuivre", mutanen Sifen "cobre". Da Najeriya ta sauya kuɗi a 1973, ta zo da naira, sai ta bar wa ƙaramin kuɗin tsohon sunansa na bakin kasuwa, kobo.

Shi ƙarfen ba ya wahalar kira. Larabawa na ce masa nuhas, masu Suwahili shaba, Yarbawa baba, mu kuma jan ƙarfe ko jan gaci. Inda zance ke yawa shi ne wajen dutsen da ake narko shi daga ciki, domin ba dutse ɗaya ba ne. Jan ƙarfe bai cika zama tsantsarsa a cikin ƙasa ba. Yakan haɗu da farar wuta, ko da iskar da muke shaƙa, ko da abin da ruwan sama ya narko, kuma kowace haɗuwa da launin da take bayarwa. Mai haƙa idan ya fara daga sama, inda ruwa da iska suka daɗe suna cin dutsen, kore da shuɗi da ja zai fara gani. Ya ƙara nutsawa ya tarar da mai duhu, ruwan toka ko baƙi-baƙi. Can ƙasa sosai, inda iska ba ta kai ba, sai rawaya mai walƙiya. Rami ɗaya ke nan, amma mai haƙa ya ratsa launi biyar ko shida kafin ya kai gindinsa, kuma kowanne sai ya sa masa suna don ya iya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya gani.

Koren ya fi kowanne tara sunaye, don shi ne ke fitowa fili, ko makiyayi mai wucewa na iya tsintarsa. Littattafan kimiyya na kiransa malakit. Asalin sunan daga Girkawa ne, kuma ganye suka gani a jikinsa: wani tsiro da suke kira "molokhe", ɗan dangin kuɓewa da rama da yakuwa. Dutsen kore, ganyen kore, shi ke nan suna ya samu. Masana harshe da dama na ganin daga wannan kalma ce Larabawa suka samo mulukhiyya, miyar nan mai yauƙi da ake sha a Masar da Sudan, wadda ganyenta shi ne lalonmu. In haka ne, Bahaushiyar Sudan da ke kaɗa mulukhiyya da ɗalibin da ke haddace sunan malakit don jarrabawa kalma ɗaya suke juyawa a baki.

Mutanen Sin ba ganye suka gani ba. Idan aka yanka malakit aka goge shi, sai ka ga zobba-zobba, kore mai duhu na zagaye kore mai haske, kamar idanun da ke jikin jelar ɗawisu. Sai suka ce masa "kongque shi", dutsen ɗawisu, Japanawa ma haka suke rubuta shi. In kuma an daka shi ya zama garin fenti, sai sunan ya sauya ya koma koren dutse, ɗan'uwansa shuɗi kuma shuɗin dutse, kuma da waɗannan biyu aka yi ɗaruruwan shekaru ana zana duwatsu da koguna a ƙasar Sin. Masu zanen Jamus su ma sun kusa faɗin haka: koren tsauni da shuɗin tsauni. A littattafan Larabci na da sunansa dahnaj, kalmar da aka aro daga Farisa. Al-Biruni ya yi bayaninsa a littafinsa na duwatsu masu daraja, haka ma al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253. Misirawan zamanin Fir'auna kuwa "kore" kawai suke ce masa da harshensu, suna haƙo shi a Sina'i, su niƙa, su shafa a ido. Koren kwalli ke nan, kuma ya riga baƙin tozali yaɗuwa a can.

To, ɗawisun nan shi ne ke kawo rikici. Idan Basine ya ce dutsen ɗawisu, kore yake nufi. Idan Bature ɗan Ingila ko Ba'amurke ya faɗi haka, wani dutse dabam yake nufi, wanda ake kira bornit. Shi wannan in aka fasa shi sabo, cikinsa ja-ja ne mai ruwan ƙasa. A bar shi ya sha iska kwana kaɗan, sai fuskarsa ta rine, shuɗi da shunayya su hau ta suna walwali. Basine ya dubi zanen jelar tsuntsun, Bature ya dubi sheƙin wuyansa da ƙirjinsa, kowa ya ce ɗawisu, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Ɗan kasuwar da ya yi odar "dutsen ɗawisu" ta tafinta bai bincika ba, ya shirya ganin abin da bai saya ba. Har ma akwai algus a ciki: yawancin abin da ake sayar wa masu yawon buɗe ido da wannan suna a Turai da Amurka rawayan dutsen jan ƙarfe ne aka tsoma a ruwan asid don ya yi launi.

Sunayen bornit sun fi burge ni a kan na kowane. Masu haƙa na yankin Konwal, a kudu maso yammacin Ingila, naman doki suka riƙa ce masa, saboda kalar cikinsa sa'ad da aka fasa. A ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci ana ce masa ƙirjin tattabara. Jamusawa suka ce dutsen jan ƙarfe mai launi-launi. Wasu masana suka lanƙaya masa wani suna daga Latin mai ma'anar wanda fuskarsa ke yin ja don kunya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in aka faɗa maka shi, aka zube duwatsu goma a gabanka, kana iya nuna wanda ake nufi. Sai a 1845 wani masani ɗan Ostiriya, Wilhelm Haidinger, ya raɗa masa bornit don tunawa da Ignaz von Born, wani masanin ma'adinai da ya rasu a 1791. Wannan ne ya zauna a littattafai. Sunan ya karrama mamaci, amma ba ya gaya wa mai rai komai a kan dutsen.

Wannan shi ne abin da na lura da shi a duk inda na bi sawun sunayen: suna iri biyu ne, na wanda ya shiga rami da na wanda aka kawo wa dutsen a kan tebur. Na farko launi yake faɗa, ko sheƙi, ko halin dutsen a cikin wuta. Na biyu mutum yake ambata ko gari, ko ya ɗinka kalmomin Girkanci biyu ya rufe da "it".

Jamusawa sun yi fice a irin na farko, domin sun daɗe suna haƙa a tsaunukan Harz da na Saksoni, kuma harshensu na son harhaɗa kalmomi. Rawayan nan na ƙasan rami, wanda masana ke kira kalkofirit, su "Kupferkies" suke ce masa. Mai duhun da ke sheƙi kamar dalma, wato kalkosit, "Kupferglanz" ne, ƙyallin jan ƙarfe, Rashawa ma haka suka fassara shi da nasu harshen. Ja kuma, kufrit, jan dutsen jan ƙarfe ne, in ya zo gari-gari a gauraye da tsatsa su ce masa dutsen bulo. Akwai wani da suke kira "Fahlerz", koɗaɗɗen dutse, mai ruwan toka, wanda sau da yawa akan sami azurfa a cikinsa. Akwai kuma "Kupferindig", shunin jan ƙarfe. Wanda ya taɓa ganin rawani ɗan Kura da ya sha bugu, shuɗinsa ya yi duhu har yana walƙiyar ja-ja, ya san kalar wannan dutse tun bai gan shi ba. A 1832 masanin Faransa Beudant ya sauya masa suna zuwa kobelit, don girmama Niccolo Covelli, Ba'italiyen da ya same shi a dutsen Besubiyas mai aman wuta. A ganina an yi asara a wannan musaya.

Masu haƙan Saksoni har zagi sun sa a cikin suna. Akwai wani dutse ja-ja da suka riƙa tsinta, kamanninsa duk na jan ƙarfe, amma ko an kwana ana zuga wuta ba ya ba da ko ɗigo, sai hayaƙi mai sa ciwo, domin akwai gubar arsenik a cikinsa. Suka ce ai wani aljanin rami ne mai suna Nikel ke yi musu wasa da hankali, suka kira dutsen "Kupfernickel", jan ƙarfen aljani. A 1751 wani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya fitar da wani sabon farin ƙarfe daga irin wannan dutse, aka yanke rabin sunan aka bar masa nikel. Ƙarfen da ke cikin cokulanmu marasa tsatsa da baturan wasu motocin lantarki sunan aljani yake ɗauke da shi har yau.

Sinawa da Japanawa su ne suka riƙe wannan hanya har cikin ajin jami'a. A littattafansu na kimiyya kalkofirit rawayan dutsen jan ƙarfe ne, kufrit ja, azurit shuɗi, bornit mai dabbare-dabbare, kalkosit mai ƙyalli. Harafi uku ne kowanne: na launi ko kama, na jan ƙarfe, na ma'adini. Yaron da ya iya karatu, ko bai taɓa shiga ajin ilimin ƙasa ba, da ya ga sunan ya san ƙarfen da ke ciki da kalar da zai nema. Ɗalibinmu kuwa sai ya haddace kalkofirit da kalkosit da kufrit, bai san "kalkos" jan ƙarfe ne da Girkanci ba, bai san "fir" ɗin da ke tsakiya wuta ce ba, balle ya gane cewa kufrit da kwabon aljihunsa uwa ɗaya ta haife su.

Ba a ce sunayen masana ba su da amfani ba. Rikicin ɗawisu kaɗai ya isa hujja. Sunan launi yana yaudara: duwatsun jan ƙarfe masu kore sun fi a ƙirga da yatsu, kuma mai haƙa yakan tara su duka a suna ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 18 an kai wa masarautar Rasha wasu korayen duwatsu masu ɗaukar ido daga ƙasar Kazak, aka ɗauka zumurrudu ne, sai da aka gwada taurinsu aka ga ba su kai ba. Wani dutsen jan ƙarfe ne, wanda masanin Faransa Haüy ya sa wa suna dayoftas a 1797. Irin wannan ruɗani ne ya sa aka kafa ƙungiyar masana ma'adinai ta duniya a 1958, da kwamitin da ke tantance kowane sabon suna, kuma ma'adinan da ta amince da su sun haura 5,000. Dole a sami suna ɗaya da ɗan Cile da ɗan Zambiya da ɗan Sin za su rubuta a takardar ciniki su fahimci juna. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauka wannan sunan ne kaɗai na ilimi, na bakin rami kuma na jahilai.

Ko a cikin sunayen littafi akwai waɗanda in ka tone su za ka tarar da tafiya mai nisa. Azurit, shuɗin da ke zama tare da malakit har yakan rikiɗe ya koma shi in ya daɗe a cikin danshi, sunansa ya faro ne daga Farisa. "Lazhward" suke kiran wani shuɗin dutse mai tsada da ake haƙowa a Badakshan, cikin Afganistan ta yau. Larabawa suka karɓa suka ce lazaward. Da kalmar ta shiga Turai, sai masu harsunan Faransa da Italiya suka zaci "l" ɗin farko ba ta cikin kalmar, irin ƙaramin harafin nan ne da suke sa wa suna a gaba, suka cire ta, aka bar "azur". Beudant ɗin nan dai shi ya ɗora wa dutsen jan ƙarfe sunan a 1824, alhali dutsen Badakshan ba shi da jan ƙarfe a cikinsa. Launi ne kawai ya haɗa su. Wasu kuma suka riƙa kiransa da sunan ƙauyen Chessy, kusa da birnin Liyon, inda aka haƙo masu kyau. Haka atakamit ya ɗauki sunan hamadar Atakama ta ƙasar Cile. Shi kuwa kirisokola sana'a ce a cikin sunansa: "zinariya" da "danƙo" da Girkanci, domin da wannan suna maƙeran farin Girka ke kiran sinadarin da suke liƙa zinariya da shi. Tun wajen shekara 315 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Tiyofirastus ya rubuta kalmar.

Wani abin kuma, kyan suna da kyan launi ba su ne yawan ƙarfe ba. Malakit na da jan ƙarfe wajen kashi 57 cikin ɗari, azurit 55, bornit 63. Kalkosit, wanda ba mai ɗaga kai ya dube shi sau biyu, ya kusa 80, kufrit ya kusa 89. Kalkofirit ne na baya, kashi 34 da ɗoriya, amma daga gare shi ake samun mafi yawan jan ƙarfen duniya, don shi ya fi yawa a ƙasa. Kuma a manyan ramukan yau ƙwayoyinsa a warwatse suke cikin dutsen banza, har ya zama tan guda na dutse sau da yawa ba ya ba da kilo 10. A irin wannan rami babu mai riƙe dutse a hannu ya ce naman doki. Na'ura ce ke aunawa, ta fitar da lamba.

A nahiyarmu, inda aka fi sanin koren dutsen nan shi ne Katanga ta Kwango da arewacin Zambiya. Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru mutanen wurin ke tara malakit, su narka da gawayi, su zuba shi a siffar gicciye, kuma waɗannan gicciyen ne kuɗinsu na ciniki da na aure. Ana kiran masu wannan sana'a maciya jan ƙarfe. Mobutu ya sauya wa lardin suna zuwa Shaba a 1971, aka mayar masa da Katanga a 1997. Labarin da Turawa ke bayarwa game da ramin Luwanshiya na Zambiya shi ne wai a 1902 wani mai neman ma'adinai, William Collier, ya harbi gwanki, ya faɗi a kan dutse mai koren jan ƙarfe, shi ya sa aka sa wa ramin sunan gwanki. Gwanki ya sami suna a tarihi, mutanen da suka daɗe suna haƙa a yankin ba su samu ba.

Mu fa? Bahaushe na da tama, dutsen da ake narko baƙin ƙarfe daga cikinsa, kuma tarihin Kano ma da maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala yake farawa. Yana da kuza, wadda mutanen Liruwe suka daɗe suna narkawa tun kafin kamfanonin Turawa su sauka a Jos. Yana da tozali, yana da kanwa iri-iri, kowace da sunanta. Amma je ka wurin maƙerin fari ka tambaye shi jan ƙarfe: zai ce maka jan gaci, farin gaci, tagulla, duk sunayen ƙarfen da ya riga ya fito daga wuta. Na dutsen ba ya bakin mutane yadda tama da kuza suke. Dalilin a fili yake. A da, jan ƙarfe sai an riga an narko shi yake iso mana, sanda-sanda ko munduwa, a bayan raƙumi. Ibn Battuta ya sauka a Takedda a 1353, garin da masu binciken kufai ke dangantawa da Azelik, yamma da Agadas a Nijar ta yau. Ya ba da labarin yadda ake haƙo shi a bayan gari, a narka a cikin gidaje, a mai da shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ake bayarwa a miskalin zinariya, sirara 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itace, da masu kaurin ake sayen hatsi da man shanu. Ya kuma ce ana kai shi Gobir da Barno. Bagobiri sanda ya gani, sanda ya saya, ita ya sa wa suna. A 1964 ma Théodore Monod ya tono kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, sandunan farin gaci wajen 2,000 tare da wuri. Harshe yakan raɗa wa dutse suna ne in hannun masu harshen ya sha fasa shi.

Yanzu kuwa hannun ya fara fasawa. Samarinmu sun cika ramukan haƙar ma'adinai daga Zamfara zuwa Bauci da Nasarawa, masu saye na zuwa daga nesa da sunayen da mai haƙa bai san ma'anarsu ba, kuma wanda bai san sunan hajarsa ba shi ake yi wa farashi. Masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa da masu fassara a gidajen rediyo suna da zaɓi. Suna iya tsayawa a kan malakit da kalkofirit kawai, yaro ya haddace ya manta. Suna kuma iya bin hanyar Sinawa da Jamusawa, su ajiye sunan duniya don takarda, su ɗora masa na gida a gefe: koriyar tamar jan ƙarfe, shuɗiya, rawaya, mai ƙirjin tattabara. Kalmar tama tana nan, ba ta gaji ba, za ta iya ɗaukar wannan kaya. Kafin a zauna a ƙirƙira kuma, a fara zuwa bakin ramukan da littafi da alƙalami a tambayi masu haƙa me suke ce wa kowane dutse, domin mai yiwuwa sun riga malamai raɗa suna.